Yadda Ƙungiya Za Ta Ba Gwamnati Shawara Har A Yi Aiki Da Ita

Da wuya ka shiga unguwa ko ƙauye a ƙasar nan ka rasa ƙungiya. Akwai ta ci gaban gari, akwai ta tsofaffin ɗalibai, ga ta manoma da ta 'yan kasuwa, ga ta mata masu sana'a da ta masu buƙata ta musamman, ga kwamitin iyaye da malamai. Waɗannan su ne ƙungiyoyin farar hula na asali, kuma sun fi kowa sanin abin da ke damun jama'a. Amma in aka bincika, kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa sa aka gyara sashe ɗaya na wata doka, ko aka ƙara layi ɗaya a kasafin kuɗi. Abin da aka fi sabawa da shi shi ne kuka a gidan rediyo, ko ziyarar ban girma, a yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse.

Ba don ƙungiyoyin ba su da gaskiya ba ne. Ba wa hukuma shawara aiki ne mai ƙa'ida, kuma wanda bai koyi ƙa'idar ba sai ya yi ta wahala a banza. Shawarar da ake ɗauka ita ce wadda ta zo da hujja, ta shiga ofishin da ya dace, ta iso a kan lokaci, aka rubuta ta yadda jami'i zai iya kwafe ta kai tsaye cikin doka ko kasafi, sannan masu ita suka bi sawunta har ƙarshe. Duk wannan ƙaramar ƙungiya za ta iya yinsa ba tare da tallafin kowa daga waje ba.

Kafin komai, ku sani haƙƙinku ne, ba alfarma ba. Sashe na 14 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce mulki na jama'a ne, kuma wajibi ne a tabbatar da sa hannunsu cikin tafiyar da gwamnatinsu. Sashe na 40 ya ba kowa 'yancin kafa ƙungiya ko shiga cikinta. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun a shekarun 1940, Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna zaman tattaunawa a Bauchi, suna yi wa hukumar En'e da Turawan mulki tambayoyi kan yadda ake gudanar da al'amuran jama'a.

Mataki na farko: ku tsayar da magana ɗaya

Kuskuren da ya fi kashe shawara shi ne tara buƙatu. A je wa kwamishina da takarda mai ɗauke da maganar hanya, da ruwa, da asibiti, da aikin yi ga matasa, da taki. Shi kuwa sai ya ce gwamnati tana sane, za a duba. Bai yi ƙarya ba, domin ba a ba shi abin da za a iya kama shi da shi gobe ba.

Ku zauna da mambobinku ku zaɓi abu ɗaya. Sannan ku tace shi har ya zama jimla ɗaya wadda ta faɗi abin da za a yi, da wanda zai yi, da lokacin da za a yi. A ce matsalarku ita ce mata suna naƙuda da dare a kai su asibitin mazaɓa a tarar da shi a rufe. “A inganta kiwon lafiya” ba shawara ba ce, fata ne. Shawara ita ce: hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha ta turo ungozoma kaza asibitin mazaɓa kaza, a raba musu aiki dare da rana, a kuma sa kuɗin gyaran ɗakin kwanan ma'aikata a kasafin baɗi. Wannan magana ce da za a iya amsawa da e ko a'a, kuma bayan shekara kowa zai ga ko an yi ko ba a yi ba.

Ku kuma tabbata maganar ta mutanen da kuke wakilta ce. In batun mata ne, a ji daga bakin mata, a zaman da za su saki jiki su yi magana. Ku rubuta sunayen waɗanda suka halarci zaman da abin da aka cimma. Watarana za a tambaye ku da yawun wa kuke magana, wannan takarda ce za ta amsa.

Mataki na biyu: ku san ofishin da maganar ta shafa

Gwamnati ba mutum ɗaya ba ce. Kundin Tsarin Mulki ya raba ayyuka. Akwai waɗanda Tarayya kaɗai ke yi wa doka, kamar tsaro da kuɗin ƙasa da shige da fice. Akwai waɗanda Tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansu, kamar ilimi mai zurfi da bunƙasa noma. Jadawali na huɗu kuma ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi 774: kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, kwashe shara, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Rabon yakan sauya. A 2023 an gyara Kundin, aka ba jihohi damar yin dokokinsu kan wutar lantarki da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali. Wanda ya kai maganar rumfunan kasuwar ƙauye wurin sanata ya ɓata takardarsa.

Bayan matakin gwamnati, sai ku tantance irin abin da kuke nema. In sabuwar doka ce ko gyaran tsohuwa, majalisa ce wurin zuwa. In kuɗi ne, sai ma'aikatar da abin ya shafa da ma'aikatar kasafi da tsare-tsare, daga baya kwamitin kasafi na majalisa. In kuwa doka tana nan, kuɗi ma an ware, aiki ne ba a yi, to shugaban hukumar za a tunkara, in ya ƙi a kai ƙara kwamitin ƙorafe-ƙorafen jama'a na majalisa ko Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ke da ofis a jihohi.

A nan akwai abin da masu aikin suka daɗe da ganewa. Kwamishina da gwamna su ke sa hannu, amma ba su ke rubutawa ba. Daftarin farko yana fitowa ne daga teburin daraktan tsare-tsare da bincike na ma'aikata, ya bi ta hannun babban sakatare. A majalisa kuma akawun kwamiti ne ke tattara takardu, shi ke tsara rahoto. Waɗannan ma'aikata suna nan ko gwamnati ta sauya. Ku san su, ku girmama su, ku sauƙaƙa musu aiki da bayanai masu tsabta. Sau da yawa rabin sa'a da darakta ya fi ziyarar gidan gwamnati amfani.

Mataki na uku: ku tara hujja

Hujja iri biyu ce: wadda ke hannunku da wadda ke hannun gwamnati.

Ta hannunku ita ce abin da kuka gani kuka ƙirga. A misalin asibitin nan, ku ware wasu mambobi su riƙa zuwa a lokuta daban-daban har tsawon wata guda, suna rubuta ranar da sa'ar da suka je, da ma'aikatan da suka tarar. Ku tambayi ungozomomin gargajiya haihuwa nawa suka karɓa a gida a watan. Ku tambayi masu motar haya da 'yan acaɓa nawa ake biya a kai mai naƙuda babban asibiti da tsakar dare. Ku ɗauki hoton gini da rijiya da ɗakin magani, da kwanan wata. Kada ku ɗauki hoton mara lafiya ko ku ambaci sunansa sai da yardarsa. Kada kuma ku ƙara gishiri. Adadi ɗaya na ƙarya ya isa a yi watsi da takardar gaba ɗaya, kuma jami'in da ba ya son maganar shi yake nema.

Ta hannun gwamnati kuwa, akwai dokar da ta ba ku ikon karɓo ta, wato Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Kowane mutum yana iya rubuta wa hukuma ya nemi takarda ko bayani, kuma ba dole ne ya faɗi dalilinsa ba. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 in bayanan suna da yawa. In ta hana, sai ta faɗi dalili a rubuce, mai nema kuma yana da kwana 30 ya garzaya kotu. Wanda bai iya rubutu ba yana iya nema ta hannun wani. Kuɗin da za a caje ku bai wuce na kwafi ba. An daɗe ana jayayya kan ko dokar ta hau kan jihohi, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2025 cewa ta shafe su.

Wajen rubuta wasiƙar, ku ambaci dokar a sama, ku faɗi takamaiman abin da kuke so: jerin ma'aikatan da aka tura asibiti kaza, ko kuɗin da aka sakar masa daga wata kaza zuwa wata kaza, ko kwafin takardar kwangilar gyaransa. Ku je da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata, ku dawo da shi. Wannan ƙa'ida ce a duk takardar da za ku kai ofishin gwamnati. Takardar da ba ta da hatimi, kamar ba a kai ta ba ne.

Kafin ku rubuta, ku duba abin da aka riga aka wallafa. Jihohi da dama suna sa kasafinsu da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku a shafukansu na intanet. Ƙungiyar BudgIT, wadda aka kafa a 2011, tana sauƙaƙa alƙaluman kasafi, shirinta na Tracka kuma yana bibiyar ayyukan mazaɓu. Ku nemi matashi ɗaya a cikinku mai haƙurin karanta lambobi ku ɗora masa wannan aiki.

Mataki na huɗu: ku san lokaci

Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Shawara mai kyau in ta zo a makare, sai dai a ajiye ta a fayil.

Shekarar kuɗi tana farawa a Janairu ta ƙare a Disamba. Wajen tsakiyar shekara ma'aikatar kasafi take aika wa ma'aikatu takardar umarni cewa kowace ta kawo ƙiyasinta na baɗi, tare da iyakar abin da za ta iya nema. Wannan shi ne lokacinku mafi daraja, domin ba a riga an rufe lissafi ba. Jihohi da yawa kuma suna kiran taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi kafin gwamna ya gabatar da shi. Jihar Kaduna, wadda ta shiga shirin buɗaɗɗiyar gwamnati na duniya a 2018, ta yi fice da tsarin da al'umma ke rubuta buƙatunsu bisa fifiko a miƙa wa masu tsara kasafi. Wajen ƙarshen shekara gwamna yake kai kasafi majalisa, kwamitoci su kira ma'aikatu su kare abin da suka nema. Nan ma akwai dama ta biyu, ta hannun ɗan majalisarku da shugaban kwamiti. Wanda ya zo a Fabrairu yana neman a sa masa aiki, sai dai ya jira kasafin cike giɓi ko shekara mai zuwa.

Ƙudirin doka shi ma yana da matakansa. Karatu na farko gabatarwa ce kawai. A karatu na biyu ake muhawara kan manufarsa, in ya tsallake a miƙa shi ga kwamiti. Kwamiti ne ke kiran zaman jin ra'ayin jama'a, ya sanar a jaridu, ya nemi a aiko da takardun shawara kafin wata rana. Daga nan kwamiti ya kawo rahoto, a bi ƙudirin sashe-sashe, a yi karatu na uku. A Tarayya dole Majalisar Dattawa mai kujeru 109 da ta Wakilai mai kujeru 360 su amince da matani iri ɗaya. Shugaban ƙasa ko gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi majalisa tana iya zartar da dokar da rinjayen kashi biyu cikin uku. Ku lura da abu ɗaya: ƙudirin da bai kammala ba kafin wa'adin majalisa na shekara huɗu ya cika, sai an sake gabatar da shi a sabuwar majalisa. Saboda haka shekarar farko da ta biyu sun fi dacewa da sabuwar magana. Shekarar zaɓe kuwa lokacin karɓar alkawari ne a rubuce daga 'yan takara.

Mataki na biyar: rubuta takardar shawara

Shafi biyu zuwa huɗu sun isa. Ɗan majalisa ko babban sakatare yana da tarin takardu a gabansa, kuma mafi yawan lokaci shafin farko kaɗai zai karanta da kansa. Don haka ku sa buƙatarku a sakin layi na farko, kada ku ɓoye ta a ƙarshe bayan dogon yabo da tarihin ƙungiya.

Tsarin da ya fi aiki shi ne wannan. A sama, wanda aka rubuta wa da batun da kwanan wata. Sai buƙata a jimla biyu ko uku. Sai ku faɗi ko ku su wane ne da yadda kuka ji ra'ayin jama'a, a taƙaice. Sai matsalar da hujjojinta, kowane adadi da inda aka samo shi. Sai abin da doka ko manufar gwamnati ta riga ta tanada a kan batun. Wannan sashe yana da ƙarfi ƙwarai, domin ya fi sauƙi a ce wa gwamnati ta cika abin da ta ɗaukar wa kanta da a ce ta ƙirƙiro sabo. A maganar lafiya, alal misali, akwai alkawarin da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, akwai kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. A maganar ilimi akwai dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya, amma jiha ba ta karɓar rabonta sai ta ajiye nata kason.

Daga nan sai mafita. Ku kawo hanya biyu ko uku, ku faɗi wadda kuka fi so da dalili, ku kuma ƙiyasta kuɗinta. Jami'in gwamnati tambayarsa ta farko ita ce nawa za a kashe, ta biyu daga ina za a samo. In kun nuna masa wani layi a kasafin bara da aka ware wa kuɗi ba a taɓa ba, kun rage masa rabin aiki. In ƙudirin doka ne, kada ku tsaya a cewa sashe kaza bai yi ba. Ku yi jadawali mai gida uku: abin da sashen ya ce yanzu, kalmomin da kuke so a maye gurbinsa da su, da dalili. Ku nemi lauya ɗan garinku ya duba muku lafazin. Irin wannan jadawali shi akawun kwamiti ke ɗauka ya zuba cikin rahoto.

Takardun majalisa da ma'aikatu da Turanci ake ajiye su, don haka ku miƙa da Turanci, amma ku yi kwafin Hausa ku karanta wa mambobi kafin shugaba da sakatare su sa hannu. Bai dace a miƙa magana da sunan mutane ba su san abin da ke cikinta ba.

Mataki na shida: ranar zama

Ku kai takardarku ofishin akawun kwamiti kafin ranar da aka tsayar, da adadin kwafin da sanarwa ta nema, ku kuma ce kuna son a ba ku damar magana. Ku isa da wuri ku rubuta suna. Minti kaɗan za a ba ku, wani lokaci bai fi biyar ba. Kada a cinye su da gaisuwa. A gaida shugaban kwamiti da mambobi cikin ladabi, “ranka ya daɗe” ɗaya ta wadatar, sai a shiga magana.

Mutum biyu sun fi mutum ɗaya: wanda abin ya shafa kai tsaye ya faɗi abin da ya gani da bakinsa, sai wanda ya san alƙaluma ya kawo buƙata. In an yi tambayar da ba ku da amsarta, ku ce za ku kawo a rubuce, ku kuma kawo cikin kwana biyu ko uku. Kada ku zagi kowa, kada ku kira wani ɓarawo a kan abin da ba ku da takardarsa. Ku soki tsari, ku bar mutum. Bayan an tashi, ku rubuta wasiƙar godiya wadda ta maimaita abin da aka yi alkawari da wanda ya yi shi. Godiya ce a fuska, amma shaida ce a fayil.

Mataki na bakwai: ku nemi abokan tafiya

Ƙungiya ɗaya ana iya share ta, ashirin masu magana ɗaya ba a iyawa. Dokar rage shekarun tsayawa takara ta nuna haka. Matasa ƙarƙashin jagorancin Yiaga Africa suka samu Tony Nwulu ya ɗauki ƙudirin a Majalisar Wakilai, Abdul'aziz Nyako a Majalisar Dattawa. Da yake gyaran Kundin Tsarin Mulki ne, sai da amincewar aƙalla majalisun jihohi 24 cikin 36. Sai suka kafa wakilai a jihohi, suna bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, suna bayyana wa jama'a wanda ya goyi baya da wanda ya ƙi. Ranar 31 ga Mayu, 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu. Shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Na gwamna da sanata suka tsaya a 35. Ba su samu duk abin da suka nema ba, amma sun karɓi abin da ya samu, kuma wannan ma darasi ne.

A Arewa, duk shawarar da ta taɓa iyali ko tarbiyya ko lafiyar mata da yara, a fara da malamai da sarakuna tun ana rubuta daftari, ba sai an gama a kai musu su sa albarka ba. Dokar kare haƙƙin yara ta Tarayya ta fito a 2003, amma jihohin Arewa da dama sun ɗauki shekaru ba su karɓe ta ba, sai da aka sake tsara ta yadda za ta dace da addini da al'adar mutane. Kano sai a 2023 ta samu tata. Ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wadda mata Musulmi suka kafa a 1985, sun san yadda ake shigar da irin wannan magana gidaje ba tare da an tayar da ƙura ba. Ku nemi shawararsu.

'Yan jarida ma abokan aiki ne, musamman na rediyo. Amma ku kai musu takarda da hujja, ba zargi ba. Kuma ya fi kyau hukuma ta fara jin maganar daga bakinku kafin ta ji ta a iska. In an ba ta lokaci ta yi shiru, to sai a fita da ita. Manyan ƙungiyoyi kamar CISLAC da PLAC a Abuja da CITAD a Kano sun san hanyoyin majalisa, suna kuma horar da ƙanana. Ku amfana da su, amma maganar ta ci gaba da zama taku.

Mataki na takwas: bibiya

Nan ne aka fi sarewa, nan ne kuma aikin yake. Sa hannu a doka ba shi ne aiwatarwa ba, sa kuɗi a kasafi ba shi ne sakin su ba. Dokar Lafiya ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don asusun kiwon lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 kuɗin suka fara bayyana, bayan ƙungiyoyi sun yi ta matsa lamba. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keken guragu zai iya shiga, ta kuma ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a hukumomi. Wa'adin ya cika, kuma kowa yana iya duba ofisoshin garinsu ya ga inda aka kwana.

Labarin Bagega ya isa misali. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, sakamakon sarrafa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. A Mayun 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, amma watanni suka shuɗe kuɗin ba su fito ba, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma ba za su iya fara yi wa yaran Bagega, ɗaya daga cikin ƙauyukan, magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, don kada su koma cikin gubar. Hamzat Lawal da abokansa na Follow The Money, tare da wasu ƙungiyoyi, suka riƙe magana ɗaya: a saki kuɗin da aka yi alkawari. A Janairun 2013 aka saki kuɗin aikin, aka share garin, aka fara magani. Ba sabuwar doka suka nema ba, alkawarin da aka riga aka yi suka bi.

Don haka ku buɗe fayil. Ku sa mutum ɗaya ya riƙa duba rahoton kasafi duk wata uku. In an ba da kwangila, ku nemi sanin ɗan kwangilar da kuɗin da wa'adin, ku je wurin aikin ku gani. Dokar sayen kayan gwamnati ta Tarayya ta 2007 ma ta tanadi a gayyaci ƙungiyoyi su sa ido a lokacin tantance 'yan kwangila. Duk abin da kuka samu, ku koma ku faɗa wa mutanen da suka aike ku. In an yi aikin, ku yaba a fili kamar yadda kuka yi kuka a fili. Jami'in da aka yaba wa yakan buɗe ƙofa karo na biyu.

Abubuwan da ke zubar da mutuncin ƙungiya

Jarin ƙungiya shi ne a yarda da ita. Abu uku ke cinye wannan jari. Na farko, zama 'yan amshin shatan wata jam'iyya. Kowane mamba yana da 'yancin siyasarsa, amma ranar da aka ga shugaban ƙungiya a kan dandamalin kamfe da sunanta, daga ranar shawararta ta zama ta 'yan adawa ko ta 'yan koren gwamnati. Na biyu, karɓar ambulan ko kwangila ko gurbin aiki daga ofishin da kuke sa wa ido. Ku tara kuɗin motarku daga aljihunku. Na uku, rashin yi wa kai abin da ake nema daga gwamnati. Ƙungiyar da ba ta zaɓe, ba ta karanta wa mambobi lissafin kuɗi, ba ta da bakin tambayar wani lissafi. Rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ko da ma'aikatar jiha tana ƙara wa takarda nauyi, tana kuma sauƙaƙa buɗe asusun banki, amma rashin ta ba ya hana ku rubuta wa wakilinku.

Sai haƙuri. Dokar 'Yancin Samun Bayanai da muka ambata, tun 1993 Media Rights Agenda da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta CLO da ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa suka fara tsara ta. Majalisa ta zartar da ita a 2007, Shugaba Obasanjo bai sa hannu ba, suka sake komawa farko. Shekara 18 aka yi kafin ta tabbata, yau kuma kowa yana cin moriyarta.

Saboda haka, ya ku shugabannin ƙungiyoyi, a taronku na gaba ku ware sa'a ɗaya ku zaɓi matsala ɗaya, ku naɗa mutum uku da za su tara hujja, ku sa ranar da za a kai takardar farko a karɓo hatimi. Kasafin baɗi za a rubuta shi ko kun yi magana ko ba ku yi ba. Ku tabbata maganar mutanenku tana ciki. Allah Ya yi mana jagora.